Tsohuwar Mota: A Gyara Ta, Ko A Sake Mata Kama?

Yau ba maganar siyasa na zo da ita ba, maganar mota ce, motar ma ta Amurka. Kada mai karatu ya ce ina ruwan biri da gada. In an yi haƙuri za a ga inda zancen ya shafe mu, musamman 'yan'uwanmu masu sana'ar gwangwan a Ikko da Badun da Fatakwal.

A 1968 aka yi wani fim mai suna Bullitt, sa'an nan ran 10 ga Janairu, 2020, a garin Kissimmee na Jihar Florida, aka yi gwanjon motar da ta fito a cikinsa, watau Ford Mustang ƙirar 1968. Koren fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin jikinta, kujerun sun tsufa. In a tashar Agege ka gan ta ba za ka waiwaya ba. Amma fa sai da aka biya dala miliyan 3 da dubu 740, har da la'adar masu gwanjo, kana aka sallama ta. Ita ce motar da shahararren ɗan wasan nan Steve McQueen ya tuƙa, ya bi wata baƙar Dodge Charger a guje a kan tuddan birnin San Francisco har wajen minti 10.

Irin waɗannan motoci Amurkawa suna yi musu laƙabi da ƙarfafa, ko masu ƙwanji. Dabarar kuwa ba wata mai wuya ba ce: a ɗauko ƙaton inji mai fulogi takwas, wanda suke kira V8, a cusa shi cikin mota matsakaiciya wadda saurayi mai albashi zai iya saye. Kamfanin Pontiac ne ya buɗe wannan kasuwa da motarsa GTO a 1964, sauran suka bi sahu. Kamfanin Chrysler ya fito da injin Hemi mai faɗin lita 7 da ƙarfin dawaki 425. Amma yayin bai daɗe ba. Kamfanonin inshora suka tsauwala kuɗi, gwamnati ta kafa dokar rage hayaƙi a 1970, sa'an nan a 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka man fetur. Tsadar man nan da ta kashe musu kasuwar manyan motoci, ita ce ta cika baitulmalin Nijeriya har aka yi rabon Udoji, aka kuma kafa masana'antar harhaɗa Fijo a Kaduna a 1975. Ikon Allah ke nan.

To, waɗanda suka rage a yau su ake gardama a kansu, kuma masu gardamar sun kasu biyu. Kashi na farko suna cewa a maido da mota daidai yadda ta fito daga masana'anta: fenti irin nata, kujera irin tata, har ƙusa da noti. Abin da suka fi dubawa shi ne lamba. Kowace mota tana da lambar da aka buga a jikinta, an kuma buga wani sashe na lambar a jikin injin da akwatin giya. In lambobin nan suka dace da juna, an tabbata injin da aka haife ta da shi ne, kuɗinta kuwa sai ya ninka. Kashi na biyu kuma suna cewa mota don hawa aka yi ta. Su sai su bar bodi kawai, su tuge tsohon inji su sa na zamani, su cire kabureta su sa injekta, su sauya birki mai ganga da mai faifai, su ƙara na'urar sanyi. Wasu ma yanzu batir da injin lantarki suke sawa.

Ni dai ban ce 'yan kashi na biyu ba su da hujja ba. Motocin nan an ba su ƙarfin gudu, ba a ba su ƙarfin tsayawa ba, kuma duk direban da ya taɓa saukowa gangara da kaya, birki ya yi zafi ya ƙi kamawa, ya san abin da nake nufi. Ga kuma mutanen Kyuba. Tun da Amurka ta sa musu takunkumi a farkon shekarun 1960 kayan gyara suka yanke, sai suka riƙa sa wa tsofaffin Chevrolet da Ford injin gas na wasu motoci dabam, suna tasi da su a birnin Havana. Wa zai zarge su? Mai neman abincin iyalinsa ba ruwansa da dacewar lamba, kamar dai makanikanmu da kan ɗauki injin wata mota su dasa wa wata don a fita aiki gobe.

Inda na rabu da su shi ne wajen motar da ba ta da yawa a duniya. Mustang ta gama-gari an ƙera ta fiye da miliyan ɗaya cikin shekara biyun farko, in ka sake wa guda kama ba a yi hasarar kome ba. Amma Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, duka-duka ba su wuce 12 da aka yi ba, an kuwa sayar da guda a birnin Seattle a 2014 a kan dala miliyan 3 da rabi. Wanda ya sa wa irin wannan wuta ya yanka don ya dasa sabon inji, garin neman gira ya rasa ido. Birki dai kana iya kwancewa ka ajiye na asalin a cikin kwali, ranar da ka so ka mayar. Ƙarfen da aka yanke kuwa ya tafi ke nan.

Su ma 'yan kashi na farko ina da magana da su, domin wani gyaran ɓarna ne. Motar nan ta Bullitt ai ba yadda ta fito daga Ford take ba. Masu fim sun cire mata tambura, sun ƙarfafa ƙafafunta don tsalle, sun yi waldar ƙarafan ɗaura kyamara a ƙarƙashinta, kuma suna nan har yau. Wani magidanci ne a Jihar New Jersey ya saye ta a 1974, McQueen da kansa ya rubuta masa wasiƙa a 1977 yana neman ya sayar masa, bai yarda ba. Matarsa ta yi ta zuwa aiki da ita har kuloci ya lalace a 1980, aka jingine ta. Da ɗansa ya tashi gyara, sai ya tayar da inji, ya bar fenti da tabo yadda suke. Da ya kai wa fanabita an goge an fesa sabon fenti, da ya goge abin da aka biya miliyoyin dominsa. Wanda yake Ikko ya je gidan tarihi na Onikan ya dubi baƙar Marsandin da aka harbe marigayi Janar Murtala Muhammed a ciki ran 13 ga Fabrairu, 1976. Akwai mai hankalin da zai ce a cike ramukan harsashin a yi mata fenti?

Yanzu ga inda nake son 'yan gwangwan su buɗe kunne. Mustang biyu aka yi fim ɗin da su. Ta biyun, wadda ta sha tsalle ta jigata, an ɗauka tuni an narkar da ita. Ashe tana yashe a wani filin tarkacen motoci a ƙasar Meziko, ba inji, an shafe ta da farin fenti. Wanda ya tsince ta niyyarsa a sake mata kama ta zama irin wata motar fim dabam. Allah Ya sa kafin a taɓa ta aka bincika lambar jikinta, a 2017 wani masanin motocin Ford ya je ya tabbatar ita ce.

Ban ce akwai Hemi 'Cuda a kwance a Owode Onirin ba. Amma Fijo 404, da Kunkuru, da tsofaffin Marsandi da Land Rover, kullum ana datsa su ana aunawa a sikeli, alhali kuwa akwai masu neman irinsu a Turai da ma nan gida. Lambar tana jikin ɗan allon ƙarfe, wani lokaci a bakin ƙofar direba, wani lokaci a ƙarƙashin bonet. Goge ta da tsumma, a ɗauki hotonta da waya, a nuna wa wanda ya san mota, bai fi aikin minti 5 ba kafin a kunna wutar yanka.