Wankin ƙoda: Sakamakon gwajin HIV mai harshen damo ba hukunci ba ne

Layin dogon da ya tashi daga tashar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru yana ratsa yankin da ciwon ƙoda ya daɗe yana addaba. Daga Haɗeja, Nguru da Gashuwa, iyalai kan kawo marasa lafiyarsu Kano neman wankin ƙoda, musamman a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kafin a ɗora mutum a kan na'ura, sai an yi masa gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C. A nan wasu ke karo da sakamako mai harshen damo: bai ce akwai ba, bai ce babu ba.

Gwajin gaggawa da aka saba yi ba ƙwayar cutar yake gani ba, sinadaran kariya da jiki ke samarwa yake nema. Shi kuwa mai ciwon ƙoda garkuwar jikinsa ta rikice, sau da yawa kuma an sha yi masa ƙarin jini. Hakan na iya sa gwaji ɗaya ya nuna alama, na biyu ya saɓa, alhali babu cutar. Wani lokacin kuma sabon kamu ne da bai gama bayyana ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a maimaita gwajin bayan kwana 14. Gwajin PCR, wanda ke neman ƙwayar kanta, yana iya raba gardama.

Matsalar ita ce ƙoda ba ta jira. Mai buƙatar wanki sau 3 a mako, in aka ce ya dakata, ruwa kan taru a huhunsa, sinadarin fotasiyam ya hau har ya taɓa zuciya. Babu hujjar wannan jinkiri. Ƙa'idojin hukumar CDC ta Amurka ba su ce a ware wa mai HIV na'ura ba. Mai ciwon hanta nau'in B ake warewa. Tsaftar da ake yi wa kowa ta wadatar.

Ga kuma tsangwama. Kalma ɗaya da ta suɓuce a gaban dangi za ta iya girgiza aure, ta kori masu taimakawa da kuɗin wanki. Dokar hana nuna bambanci ga masu HIV ta 2014 ta kare sirrin mai cutar, balle wanda ba a tabbatar ba.

Don haka ya kamata cibiyoyin wankin ƙoda a Kano su ci gaba da wanki yayin jiran tabbaci, su yi wa majinyaci bayani shi kaɗai, da Hausar da zai gane. Gwamnatin jiha kuma ta ɗauke masa kuɗin gwajin tabbatarwa. Wanda ya sayar da gona don ya rayu bai cancanci a bar shi cikin zullumi ba.