RA'AYINMU: Takardar Intanet Ba Ta Kashe Aure

Duk wanda ke shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san yau kusan kome da waya ake yinsa. Da ita ake biyan kuɗin kaya, da ita ake kiran mai kawo kaya daga Kano ko Ikko. Wannan ci gaba ne, muna kuwa gode wa Allah. Amma abin da ke damunmu shi ne yadda wasu 'yan'uwa masu bi suka fara ɗauka cewa aure ma haka ake kwance shi: a shiga intanet a cike takarda, ko a je shagon masu buga takardu a rubuto takardar rantsuwa cewa "mun rabu," shi ke nan kowa ya kama gabansa.

Ya kamata mu faɗi gaskiya tun kafin a yi nisa. Wannan takarda ba ta kashe aure, ko a gaban Allah ko a gaban hukuma.

Masu tallar kisan aure ta intanet sukan kafa hujja da Ingila. Gaskiya ne tun shekarar 2018 aka buɗe wa mutanen can hanyar shigar da ƙara ta kwamfuta, a watan Afrilu na 2022 kuma aka daina neman mai laifi tsakanin miji da mata. To amma ko a can kotu ce ke yanke hukunci, sai kuma an jira mako 20, a ƙara mako 6. Saurin ma ya taɓa jawo ɓarna. A shekarar 2023 wani ofishin lauyoyi a Landan ya latsa sunan ma'auratan da ba su ne ake nufi ba, aure ya mutu cikin 'yan mintoci, a 2024 kuwa alƙali ya ƙi soke hukuncin. Dokar Ingila dai ba ta aiki a Sabon Tasha ko Unguwar Rimi.

A ƙasarmu, abu na farko shi ne mutum ya san irin auren da ya yi. Idan an kai sanarwa wurin magatakardan aure, aka jira kwana 21, aka ɗaura a ofishin rajista ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasisi, aka ba da satifiket, to wannan auren doka ne. Dokar Shari'un Aure ta 1970 ta ce Babbar Kotu kaɗai ke da ikon warware shi. Ba fasto ba, ba mai unguwa ba, ba kuma mayar da sadaki ba. Idan kuwa auren gargajiya aka yi, fasto ya sa albarka kawai, maganarsa tana hannun dangi da Kotun Gargajiya, irin waɗanda Jihar Kaduna ta kafa a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tasu hanyar bisa ga addininsu, mu kuma muna da tamu. Kada a cuɗa su.

Dokar 1970 ba ta son gaggawa. Galibi ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara 2 sai da izinin kotu. Dole a nuna wa alƙali cewa auren ya lalace har ba ya gyaruwa, misali ta dalilin zina, ko gudun da ya kai shekara 1, ko zaman rabe na shekara 2 in ɗayan bai ƙi ba, ko na shekara 3. Lauya ma sai ya sa hannu cewa ya yi wa mai ƙara maganar sulhu. Bayan hukuncin farko akan jira wata 3 kafin na ƙarshe, kotu kuma takan duba makomar yaran da ba su kai shekara 16 ba: wa zai riƙe su, wa zai ciyar da su. Wace takardar intanet ce za ta tambayi kuɗin makarantar yaro?

Araha ba ta ado. Wanda ya riƙe takardar banza ya je ya yi sabon auren gargajiya alhali na dokar yana nan, sabon auren ba shi da tushe, Dokar Aure kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Galibi ba a ganin illar sai ranar da mai gida ya rasu. Ran nan za ka ga mata biyu suna jayayya a kan rumfar kasuwa da gida da kuɗin fansho, marayu suna kallo.

Kada wani ya ce muna koya wa mutane hanyar rabuwa. Koyarwar Ubangijinmu Yesu a Matiyu sura 19 a fili take, aure alkawari ne na har mutuwa, Manzo Bulus kuma a 1 Korintiyawa sura 7 sulhu ya sa a gaba. Amma rufe ido ba ya hana a gan ka. Akwai gidajen da suka riga suka watse, akwai kuma 'yan'uwa mata da ke shan dūka har ransu yana cikin haɗari. Irin waɗannan ba za mu ce su yi shiru su mutu ba. Su fita zuwa inda za su tsira, su sanar da dattawa da hukuma. Doka ma ta yarda kotu ta raba wa ma'aurata zama ba tare da kashe auren ba.

Saboda haka muna kira ga fastoci da katekis da dattawan ikkilisiya su koyar da wannan tun a darasin masu shirin aure, su kuma tambayi duk mai neman sabon aure takardar hukuncin ƙarshe ta kotu, ba wadda aka bugo a shago ba. Zumuntar Mata su riƙa ziyartar gidajen da ake jin hayaniya tun wuta ba ta kama rufi ba. Lauyoyin da ke cikin majami'unmu su keɓe rana su ba da shawara kyauta. Wanda ba shi da hali ya nemi Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in gida ya yi zafi, fara da addu'a da dattawa. In abin ya gagara, bi ta ƙofar kotu da rana tsaka. Allah ya ba gidajenmu salama. Amin.