A Daidaita Masauki Kafin a Ɗauki Sanda

Ɗalibin Hausa da ke niyyar zama a ƙauyukan bakin ruwa na arewacin Kamaru ya kamata ya fara daidaita masauki, tafiyar ƙafa ta biyo baya. Da yawa sukan juya lamarin: su zana hanya a taswirar waya, su bar wurin kwana ga sa'a.

Yankin ba shi da teku, amma yana da tafkin Lagdo, kudu maso gabas da Garwa, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a kan kogin Binuwai a 1982. Masunta na ƙabilu daban-daban, har da Hausawa, sun zauna a gaɓarsa. A ganina, kwana a otal cikin Garwa ana leƙo ƙauye da rana asara ce ga mai koyon harshe, domin hira mai daɗi sai bayan sallar isha'i. A fara gai da jauro, wato mai gari, a bar shi ya zaɓi mai masauki. Shi ne kuma zai ba da ɗan jagora wanda ya san inda dorina ke fitowa kiwo da dare, abin da taswira ba ta nunawa.

Lokacin tafiya kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, da damina kuma hanyoyi sukan yanke.

Fulatanci ne harshen da ya game jama'a a can, don haka a koyi gaisuwarsa tun kafin a tashi.