Zamfara: Makomar masu koyon kanikanci ba tare da takardar sakandare ba

A garuruwan Gusau da Tsafe da Bungudu na jihar Zamfara, da wuya a sami maigidan garejin da zai tambayi yaron da aka kawo masa koyon aiki ko yana da takardar kammala sakandare. Abin da akan tambaya shi ne ɗan wane ne, kuma wa zai tsaya masa. Sai dai motocin da ke shiga garejin sun sauya, kuma sauyin ya fara sanya ayar tambaya kan makomar matasan da suka rungumi sana'ar ba su iya karatu ba.

Garuruwan uku suna kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato: Tsafe daga gabas, Gusau a tsakiya, Bungudu daga yamma. Tireloli da tankokin mai da ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharon duk nan suke bi, saboda haka kanikanci tsohuwar sana'a ce a bakin wannan titi.

Uba ko kawu ne ke riƙo hannun yaro ya damƙa wa maigida. Saɓanin kudancin ƙasar, inda akan rubuta yarjejeniya a biya kuɗi kuma a yi bikin yaye, a nan galibi magana ce ta baki da amana. Yaro kan fara da wanke kayan inji da fetur da miƙo sifana, kuma ga wasunsu lambobin da ke jikin sifanar, 10 da 12 da 14 da 17, su ne alƙaluman boko na farko da suka haddace. Daga nan sai juyen baƙin mai, sai birki, sai kuloci, har ranar da za a bar shi ya sauke inji ya mayar. Babu ƙayyadaddun shekaru. Maigida ne ke cewa hannun yaro ya faɗa.

Dalilan rashin takardar

A Zamfara rashin takardar sakandare ba kullum ne yake nufin ƙin karatu ba. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 'yan bindiga suka sace ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe. A farkon Satumbar shekarar aka sake kwashe ɗalibai fiye da 70 a garin Kaya na ƙaramar hukumar Maradun, lamarin da ya sa gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantun jihar. Sai a farkon 2022 aka fara buɗe wasu daga cikinsu. Yaron da ya shafe watanni a gareji yana samun na kashewa, da wuya a sake ganinsa a aji.

Akwai kuma waɗanda suka kai aji shida amma suka fita hannu rabbana. Bashin biliyoyin naira da hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suka riƙa bin gwamnatin jihar ya sa an riƙe sakamakon ɗaliban makarantun gwamnati na tsawon shekaru. Gwamna Dauda Lawal, wanda ya hau mulki a 2023, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a watan Nuwamban shekarar, daga baya kuma gwamnatinsa ta bayyana cewa ta biya bashin. An saki sakamako, amma shekarun da aka yi ana jira sun riga sun wuce, kuma da yawa daga cikin masu shi sun kama wata hanya.

Motar da ke buƙatar a karanta ta

Manyan kanikawan Gusau sun koyi aiki ne a kan Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Mota ce da ake gane ciwonta da kunne da hanci: a saurari ƙarar inji, a dubi launin hayaƙi, a kwance kabireta a busa. Wanda ya ƙware a wannan ba ya buƙatar biro.

A 1996, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato, Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tsarin bai ɗaya na gano matsala ta kwamfuta, wanda ake kira OBD-II. Turai ta bi sahu bayan 'yan shekaru. Waɗannan motoci ne suka tsufa a can, aka yo jigilarsu ta Kwatano da Legas, suka cika titunan arewa. Idan irin wannan mota ta sami matsala, fitila ce ke kamawa a gaban direba. Sai an jona na'ura ta fitar da lamba, misali P0300, tare da bayani da Turanci cewa wuta na tsallake a cikin inji. Lambar ba ta faɗin ko filogi ne ko koyil ko nozul. Sai bakanike ya auna, ya kwatanta da abin da littafin motar ya ce.

A nan ne gizo ke saƙar. Na'urar ta yi araha, har akwai wadda ake haɗawa da wayar hannu, amma ba ta da amfani ga wanda bai iya karanta abin da ta rubuta ba. Abin da ya rage masa shi ne canki-canki: a sauya wannan, in bai yi ba a sauya wancan, mai mota na biya. Wata dabarar da ta zama ruwan dare ita ce cire abin da ke daidaita zafin inji, a jona fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. A tsohuwar mota illar ba ta fito fili ba sosai. A ta zamani kuwa, kwamfutar na ganin inji bai ɗumama ba, sai ta ci gaba da ƙara masa mai.

Da can mai mota na iya kau da kai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, ta kuma haura 1,000 a ƙarshen 2024. Direban Golf da ke zirga-zirga tsakanin Gusau da Funtuwa yanzu yana lissafin kowace lita, kuma ya san garejin da ya bar masa mota tana zuƙar mai.

Takardun da ba na sakandare ba

Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara a 1982 ya tanadi cewa wanda ya gama ƙaramar sakandare zai iya karkata ga sana'a da ɗan abin da ya koya. An shigo da injinan koyarwa daga waje, da dama suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da malamai. Gareji ne ya ɗauki nauyin da makaranta ta sauke.

Duk da haka akwai hanyoyin samun shaida. Mafi daɗewa ita ce jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya, wadda da ita ake ɗaukar kanikawa da direbobi a ma'aikatun gwamnati. Hukumar NABTEB na shirya jarrabawa a ƙarshen shekara ga waɗanda ba sa makaranta. Hukumar kula da ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna kuma ta fito da tsarin auna abin da mutum ya riga ya iya a bakin aiki a ba shi shaida a kai, kuma masu sana'a a kasuwar Panteka ta Kaduna na cikin waɗanda aka gwada tsarin a kansu. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da yaran gareji, domin hannu yake aunawa. Matsalar ita ce labarinsa bai kai bakin titin Tsafe ba yadda ya kamata.

Ƙofar da ta rage a rufe ita ce ta manyan makarantu. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara suna neman kiredit a jarrabawar kammala sakandare kafin a fara karatun difloma. Abin lura shi ne, ɗaliban irin waɗannan makarantu kan ƙare a gareji idan lokacin koyon aiki a aikace ya zo, inda maigidan da bai gama firamare ba ke nuna musu yadda ake saita bawul.

A Tsafe da Bungudu, gyaran babur ne ƙofar da ta fi sauƙin shiga, domin injin ƙarami ne kuma kayan aikin ba su da tsada. Ita ce kuma ta fi fuskantar haɗari. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka taƙaita sayar da mai da hawan babur don karya lagon 'yan bindiga, masu gyaran babur na cikin waɗanda aikinsu ya tsaya. A lokaci guda kuma, ƙauyukan da aka tasa sun turo 'ya'yansu cikin gari, inda yara ke ƙaruwa a gareji fiye da yadda aiki ke ƙaruwa.

Masu lura da al'amura na ganin abin da yaran suka fi buƙata ya fi takardar sakandare sauƙin samarwa: ajin yamma kusa da gareji, inda za a koyar da karatu da lissafi da Turancin da ke kan na'ura. Ƙungiyar kanikawa ta NATA na da rassa da shugabannin da yaran ke jin maganarsu, kuma jihar na da hukumar yaƙi da jahilci.

A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ƙarƙashin Tunji Alausa ta ƙaddamar da shirin koyar da sana'o'i kyauta tare da alawus na wata-wata, kuma gyaran mota na cikin sana'o'in da aka lissafa. Ta intanet ake neman shiga, da lambar shaidar ɗan ƙasa, a fom da aka rubuta da Turanci.