Wai mai yafiya wawa ne?

Tunda aka fara kawo littafina kashi-kashi a wannan shafi, ƙorafin da ya fi yawa guda ɗaya ne: wai na mayar da jarumar labarin sakarya, don baffanta ya cinye mata gonar gado amma ban sa ta rama ba. Wasu haukata shi suke so in yi, wasu kuma so suke mota ta markaɗe masa ƙafafu ya dawo yana bara a tasha. To ba zan yi ba, kuma yau sai na faɗi dalili ko da za a ji haushina.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kankiya ko Kusada ya san irin wannan gaba, ba sai an ba shi labari ba. Daga Rimaye zuwa Kafin Soli, daga Yashe zuwa Mawashi, da wuya ka shiga unguwar da babu wa da ƙane, ciki ɗaya, da suka shekara goma ba sa ga-maciji a kan iyakar gona ko kangon gida. Su haɗu a sahu ɗaya ranar Idi, kafaɗa na gogar kafaɗa, liman na sallamewa kowa ya kaɗe tabarmarsa ya kama gabansa. A mota ma, in ɗaya ya hango ɗan uwansa a ciki a Gidan Mutum Ɗaya, gara ya tsaya cikin rana ya jira ta baya. Kuma fa mutanen nan masu azumin Litinin da Alhamis ne, wani har Umara yake zuwa, sun kuma sha jin cewa addini ya hana ƙaurace wa ɗan uwa fiye da kwana uku. Ni a ganina mun zaɓi ibadar da ido ke gani mun bar wadda ke cin rai. Tsayuwar dare tana da sauƙi a kan ka tako ƙafarka ka gaida mutumin da ya cuce ka. Aya ta 134 a Suratu Ali Imrana masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane ta lissafa cikin masu taƙawa, Imamu Gazali kuma littafi sukutum ya ware a cikin Ihya'u don sukar fushi da riƙo da hassada. Mu kuwa riƙo muke kira zuciya, har a yabi mutum da cewa ba ya mantuwa.

In ka tona wannan fushi za ka tarar ƙasa ce a gindinsa. Mutum ya ɗaura ransa a jikin gona har ya manta cewa kakansa ma nomawa ya yi ya bari.

Masu cewa yafiya ta ragwaye ce su je su karanta tarihin Malam Abdullahin Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan bawan Allah a 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, saboda ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan jama'a. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a, masu tarihi sun ruwaito cewa Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Ka duba fa, mutumin da ya yi wazirci, ya jagoranci yaƙe-yaƙe, ga ilimi kamar kogi, a rufe masa ƙofar gari. Ransa ya ɓaci, ai ɗan Adam ne, suka kuma yi 'yan shekaru kowa na gefensa. Sai tawayen Kalambaina ya taso masa, Bello ya ɗauko runduna ya zo taimakon baffansa, bayan an ci nasara Abdullahi ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Ɗaya ya sauke girman kai ya zo, ɗaya ya saki abin da yake ganin ya cancanta. Da su biyun sun yi irin zuciyar da kuke so in ba jarumata, daular da ta kai har 1903 sai ta tsage tun tana jaririya. Wanne ne rago a cikinsu?

Haka Sayyidina Abubakar. Misɗahu ɗan uwansa ne, shi yake ciyar da shi, amma ya sa baki cikin ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Abubakar ya rantse ya daina ba shi ko ƙwayar hatsi, da aya ta 22 a Suratun Nur ta sauka sai ya mayar masa da abin da ya saba ba shi. 'Yarsa fa aka taɓa.

Sai dai kada dattawan zaure su ji daɗi su ce na goyi bayansu, don su ma ina da magana da su. Kalmar nan "a yi haƙuri" an mayar da ita wuƙar yanka haƙƙin marasa ƙarfi, musamman mu mata. Maza su raba gonaki a tsakaninsu, a kira mace a ce ke da kike gidan miji me za ki yi da gona, ki bar wa Allah. Wannan fashi ne da rawani. Sakin fushi daban, sakin haƙƙi daban. Kuma ba mai ikon yafe abin da ba nasa ba. Mun ga Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2016, ya sake a 2019, daga ƙarshe shi da bakinsa ya ce sun ci amana. Gwamnati tana iya sulhu don a samu a yi noma, amma ba ta isa ta yafe jinin mijin wata a madadinta ba. Yafiya tana zama ibada ne in mai haƙƙi ya bayar da ita don kansa, yana da ikon ya ƙi.

Mu marubuta kuma mu ji tsoron Allah. Hatsarin mota a babin ƙarshe lalaci ne kawai, ba abin da ya fi shi sauƙin rubutawa. 'Yan mata suna karanta mu a ɗaki, su tashi da tunanin cewa ba a hucewa sai an ga maƙiyi a wulaƙance, alhali a zahiri azzalumai da yawa lafiya lau suke tsufa, wanda ya zauna jiran faɗuwarsu kuwa hawan jini ne rabonsa.

Don haka ga abin da zai faru a kashi na gaba, in ma tona asirin labari ne na tona. Jarumata za ta kai baffanta gaban alƙali, ta kawo shaidu, ta karɓi gonarta har iyakar da mahaifinta ya kafa. Ranar da ciwo ya kwantar da shi kuma ita za ta dama kunu ta kai masa da hannunta. Mai son ganin mahaukaci yana bin bola, littattafan da suka ƙare haka suna nan jibge a kasuwa, ya je ya saya.