Ruwan juji ba ya jiran furoje

Bayan katangar lakkol ɗinmu akwai tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Yau juji ne. Da rani wari da hayaƙi kawai muke sha, amma da ruwan farko ya sauka sai wani baƙin ruwa mai kauri ya fara tsatsowa daga gindin sharar, ya bi hanyar da yara ke bi da silifa, wasu ma ba takalmi, ya gangara wajen rijiyoyin lambu.

Ku iyaye kun san abin da ke cikin jujin, ku kuka zuba: mataccen batir, ragowar magani, kashin yara, mushen akuya, leda (wadda doka ta hana tun 2014, wai). Ruwan sama ya ratsa wannan duka, ya kwaso dalma da ƙwayoyin cutar gudawa, ya nutse. A bakin gulbin Maraɗi ba a haƙa da nisa ake tadda ruwa. Wanda ya ga kwalarar 2018 a yankin Madarunfa bai kamata ya yi wasa da ƙazantar da ke kusantar rijiya ba.

Mun kai kuka ma'aikatar magajin gari. Amsa ɗaya ce: babu kuɗi, ana jiran furoje. To wane furoje? Yumɓu ne za a kawo daga Faransa?

Aikin ba na inji ba ne. A haƙa lambatu kewaye da jujin don ruwan ya tattaru wuri guda. A yi kududdufi marar zurfi, a daɓe gindinsa da yumɓu sosai don kada ya yoye, a bar laka ta kwanta, rana ta kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Daga nan ruwan ya ratsa tsakuwa da rairayi da gawayi, ya shiga fadamar da aka dasa wa jema. Jemar da kakanninmu ke saƙa zana da ita, saiwarta na nutsewa ƙwarai, tana tsotse datti. A rufe saman sharar da ƙasa, ruwan da zai ratsa ta ya ragu tun farko. Shebur, baro, amalanken jaki, shinge don yara.

Kada a ce na yi ƙarya: ruwan da ya fito ba na sha ba ne, ba na ban-ruwan salati ba. Ciyawar ma ba a ba dabba. Batir kuwa a ware shi tun daga gida, gawayi ba ya iya masa duka.

Mu malamai ma da laifinmu. Muna koyar da tsabta a allo, jujin na kallonmu ta taga. A taron iyayen yara mai zuwa, kafin a shiga zancen kuɗin rumfar zana, ni zan tada wannan magana, kuma ina son a rubuta sunan wanda zai kawo amalanken yumɓu na farko kafin watan Yuni.