A DAIDAITA MANA BUHU DA TIYA A KASUWANNINMU

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga sarakunan kasuwar Jega da Aliero da Maiyama, da shugabannin ƙananan hukumomin nan uku na Jihar Kebbi.

Ni manomi ne, ina noman albasa da rani, kuma ina ɗan taɓa saye da sayarwar gero da dawa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne awo.

Bara na ɗura albasata a gida, buhu 12 cif. Da na kai kasuwa sai mai saye ya ce sai an juye a nasa buhun. Nasa ya fi faɗi, ga shi an cika an ɗinka masa wani ƙyalle a kai kamar hula. Kafin in ankara kayana sun koma buhu 10. Dillali na ta ce mini, "Malam, ai farashi bai faɗi ba." To, ina buhu biyun suka shiga? Kuɗin mota kuwa na 12 na biya.

Haka batun tiya. Wani mai awo ya cika ta yi tozo, wani ya kare bakinta da hannu, wani an bubbuga gindin tasa. Wallahi akwai mai tiya biyu, ta saye daban, ta sayarwa daban. Malamanmu kullum suna wa'azi kan tauye mudu, amma shiru kake ji.

Abin mamaki, buhun takin zamani da na siminti kilo 50 ne ko a Jega ka saya ko a Legas. Sai kayan talaka ne ba su da ƙa'ida?

Ban ce a yanka farashi ɗaya ba. Albasar kaka da wadda aka adana har damina ba za su zama kuɗi ɗaya ba, don tana bushewa, wata ta ruɓe. Ban kuma ce kowa ya sayi sikeli ba, tsohuwa mai sayar da tiya uku ina ta ga kuɗinsa? Masu lodi zuwa Kudu in babban buhu suke so, a bar musu, amma a kira shi babba, kuɗinsa daban.

Roƙona, sarakunan kasuwannin nan su zauna da manoma da dillalai su tsayar da buhu iri biyu kawai, babba da ƙarami, da tiya ɗaya mai hatimi. A ajiye samfurinsu a rumfar sarkin kasuwa, duk wanda bai yarda da awo ba ya je a gwada a gaban jama'a. Don Allah a yi wannan zama kafin albasar bana ta fito.

Naka,
Wani manomi,
Aliero, Jihar Kebbi.